Tsabar da Hatiminta Ya Juya: Nasiha ga Matasa Masu Tara Kwabbai

A shekarar 2015 gidan buga kuɗi na Birtaniya, Royal Mint, ya fitar da sabuwar tsabar fam biyu mai hoton Britannia, matar nan mai hular ƙarfe da mashi mai baki uku da Turawan Ingila suka ɗauka alamar ƙasarsu. Guda 650,000 kacal aka buga, a ƙasar da aka saba buga tsaba miliyan bisa miliyan. Ba a jima ba sai masu sa ido suka lura da wani abu. A cikin tsabar akwai waɗanda in aka tsayar da Britannia daidai aka juya, sai a tarar da kan Sarauniya Elizabeth ya kusa kifewa, ya karkace da kimanin digiri 150. Da aka tuntuɓi masu bugawa, ba su yi musu ba. Suka ce ga dukkan alamu ɗaya daga cikin hatiman ƙarfen ne ya kwance, ya juya ana tsakiyar aiki. Dillalan da suka bi tsabar ɗaya bayan ɗaya suka ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin 200 ce ke da wannan aibi, kuma nan da nan ta fara tsada fiye da fam biyun da aka rubuta a jikinta.

Irin waɗannan labarai ne yanzu ke isowa wayoyin matasa a Kano da Zariya da Maraɗi, cikin gajerun bidiyoyi masu cewa wata tsaba da ke kwance a aljihun tsohuwar riga za ta iya sayen mota. Sha'awar tara tsofaffin kuɗi abu ne mai kyau, tana koyar da tarihi da lissafi da haƙuri. Amma wanda ya shige ta ta ƙofar kwaɗayi, shi ake fara damfara. Abin da ya kamata matashi ya riƙe tun daga farko shi ne, ba a gane tsaba mai kuskure sai an san yadda lafiyayyiyar 'yar'uwarta take, an kuma iya aunawa.

Yadda hatimi ke juyawa

Kowace tsaba tana farawa ne a matsayin faifan ƙarfe marar rubutu. Injin bugawa yana da hatimai biyu na baƙin ƙarfe mai tauri, ɗaya an sassaƙa masa zanen fuska, ɗaya zanen baya. Faifan ya shiga tsakaninsu, zobe ya riƙe gefensa, sai hatiman su haɗu da shi da ƙarfin gaske, zanen ya fito a ɓangarorin biyu lokaci guda. Injinan zamani irin na gidan buga kuɗin Amurka suna iya buga tsaba wajen 750 a minti ɗaya. Da wannan gudu, in abu ya lalace, kafin ma'aikaci ya ankara ɗaruruwa sun riga sun zuba cikin buhu.

Domin kada hatimi ya motsa, ana feƙe gefe ɗaya na gindinsa ya zama shafaffe, ko a yi masa 'yan kunnuwa, yadda ba zai zauna a mazauninsa ba sai ta fuska ɗaya, sannan a ɗaure shi. Kuskure yana zuwa ta hanya biyu. Ko dai tun farko an feƙe gindin a inda bai dace ba ko an ɗaura hatimin a karkace, sai duk tsabar da ya buga ta fito da karkata iri ɗaya. Ko kuma abin da ke ɗaure shi ya saki saboda girgizar inji, sai ya riƙa juyawa kaɗan-kaɗan, wannan tsaba ta karkace da digiri 30, ta bayanta da 70, wata can da 160. Masu tarawa da suka ƙware sukan nemi jeri na tsaba daga hatimi ɗaya, su jera su daga ƙaramar karkata zuwa babba, har mai kallo ya ga tafiyar hatimin da idonsa.

A zamanin da, wannan ba abin mamaki ba ne. Gidan buga kuɗin Amurka da aka kafa a Filadelfiya a 1792 da injin da ake murɗawa da hannu ya yi ta aiki har 1836, lokacin da injin tururi ya shigo. Tsabar jan ƙarfe ta waɗannan shekaru da yawa a karkace take, shi ya sa ba a ƙara mata wani kuɗin kirki saboda haka kawai. Karkata a tsabar zamani, wadda aka buga da injin da bai kamata ya yi wannan kuskure ba, ita ce ta fi jan hankali.

A fara sanin daidai

Nan ne sababbin shiga suka fi faɗawa rami. Duniya ba ta da tsari ɗaya na zaman fuska da baya. Tsari biyu ne. A na farko, wanda ake kira tsarin lambar yabo, in aka riƙe tsaba ta sama da ƙasa aka juya ta gefe kamar yadda ake buɗe shafin littafi, bayanta zai fito a tsaye. A na biyu, wanda ake kira tsarin tsaba, in aka yi wannan juyi bayan zai fito a kife, sai an wuntsila ta daga sama zuwa ƙasa sannan ya tsaya daidai.

Amurka tsari na biyu take bi. Birtaniya ta yau, da Kanada, da Indiya, da ƙasashen da ke amfani da yuro, na farko suke bi. Faransa kafin yuro na biyu take bi. Wannan rabuwa ta biyo Turawan mulki har ƙasar Hausa: kwabban Nijeriya sun gaji tsarin Ingila, tsabar sefa da ke yawo a Nijar kuma, wadda gidan buga kuɗi na Faris ya daɗe yana bugawa, ta gaji na Faransa. Saboda haka yaron Katsina da ya saba da naira ɗaya ta ƙarfe, in aka ba shi dala ashirin ta sefa a kasuwar Maraɗi ya juya ya ga bayanta a kife, kada ya yi tsalle. Haka aka yi ta, haka miliyoyin 'yan'uwanta suke.

Ƙasa ɗaya ma tana iya sauya tsari. Suwizalan ta yi shekaru tana buga rabin faran da faran ɗaya da biyu da biyar da baya a kife, sai a 1982 ta koma tsarin lambar yabo. Mutum na iya riƙe faran biyu guda biyu, na 1981 da na 1982, zane iri ɗaya, zama daban, kuma babu mai kuskure a cikinsu. Wanda bai san shekarar canjin ba zai biya kuɗin kuskure a kan lafiyayyiyar tsaba.

Hanyar kauce wa wannan mai sauƙi ce. Kafin a yanke hukunci a kan tsaba ɗaya, a samo goma irinta, ƙasa ɗaya, daraja ɗaya, shekara ɗaya in da hali, a juya su duka. Abin da tara suka yi shi ne ƙa'ida. Ta goman da ta saɓa ita ce abin bincike.

Awo

Ido yana ruɗi, hannu kuma yana karkata tsaba garin juyawa ba tare da mai shi ya sani ba. Shi ya sa masu tarawa suke sa tsabar cikin ɗan kwali mai tagar leda, inci biyu tsawo inci biyu faɗi, su daidaita fuskarta ta miƙe sosai da gefen kwalin, su maƙale. Daga nan kwalin ake juyawa, ba tsabar ba. Sai a ɗauko ma'aunin kusurwa, wannan rabin da'irar roba da ke cikin akwatin lissafin kowane ɗan sakandare, a ɗora a kan bayan, a karanta digirin da zanen ya kauce daga tsaye, a kuma rubuta ko ta dama ya kauce ko ta hagu. Iyakar abin da za a samu digiri 180 ne, domin abin da ya wuce haka ta dama, ta hagu za a ƙirga shi.

Masu tarawa a Indiya, inda wannan fanni ke da kasuwa sosai, da fuskar agogo suke magana. Tsabar ƙarfe uku ita ce mai digiri 90, ta ƙarfe shida mai 180. Sukan haɗa da duba alamar gidan da ya buga ta a ƙarƙashin shekara: ɗan lu'ulu'u na Mumbai ne, tauraro na Haidarabad, ɗigo na Noida, in babu alama kuma ta Kolkata ce.

Ba kowace karkata ce kuskure ba. Gidajen buga kuɗi da kansu suna yafe 'yar kaucewa ta digiri kaɗan, kuma a wurin yawancin masu tarawa abin da bai kai digiri 15 ba bai cancanci ƙarin ko sisi ba. Daga digiri 45 ake fara kulawa, 90 zuwa 180 su ne ake nema ruwa a jallo.

Tsabar da suka yi suna

A 1989 Amurka ta buga dalar azurfa don cikar majalisar dokokinta shekara 200. Cikin waɗanda aka buga a Denba, masu harafin D, an sami 'yan kaɗan da bayansu ya juya digiri 180 cif, wato sun fito da tsarin lambar yabo maimakon tsarin ƙasar. Tsaba ce ta musamman da ake sayar wa masu tarawa cikin akwati, wadda ake zaton an duba ta da kyau kafin ta fita, shi ya sa kuskuren ya yi daraja, farashinta ya ninka na sauran sau da yawa.

Dalar azurfa ta 1836 da Christian Gobrecht ya sassaƙa hatiminta ta nuna wani amfani na daban. A bayanta akwai gaggafa tana tashi. Masana sun kasa waɗannan daloli gida huɗu bisa zaman fuska da baya da kuma yadda gaggafar take, ko tana hawa sama ko tana tafiya a miƙe. Da wannan suke muhawara a kan waɗanda aka buga tun asali da waɗanda aka sake bugawa daga baya da tsofaffin hatimai. A nan digirin karkata ya zama shaidar tarihi.

Haka dalar Morgan ta 1888 mai harafin O, wadda aka buga a New Orleans, an san wani hatiminta da ya yi ta juyawa. Leroy Van Allen da George Mallis sun yi shekaru suna bin hatiman wannan dala ɗaya bayan ɗaya, har lambobin da masu tarawa ke kiran ire-irenta da su a yau, VAM, daga harufan sunayensu aka ciro. 

Jabu da abin da ba kuskure ba

Duk abin da ya yi tsada, sai an sami mai ƙera na ƙarya. Tsohuwar dabara ita ce a ɗauki tsaba biyu, a rarake cikin ɗaya ta zama kamar murfi, a feƙe ɗayar ta yi siriri, a cusa ta ciki a karkace. Da wannan hanya ake yin tsabar masu wasan rufa-ido mai fuska biyu. Ana kama ta da abu uku. Na ɗaya, gilashin ƙara girma zai nuna siririn layin haɗi a cikin bakin zoben baya. Na biyu, nauyi: fam biyu na Birtaniya giram 12 ne, kwatar dalar Amurka ta yau giram 5.67, senti biyar giram 5, kuma ƙaramin sikelin da masu sayar da gwal ke amfani da shi zai tona asirin wadda aka taɓa. Na uku, ƙara: lafiyayyiyar tsaba tana amo in aka ɗan ƙwanƙwasa ta, haɗaɗɗiya kuwa sai ta yi dum.

Tsaba mai ƙarfe biyu, zobe daban tsakiya daban, ta fi sauƙin yi wa maguɗi. Irinta su ne naira ɗaya da naira biyu na 2007, da sefa 200 da 250 da 500, da riyal ɗaya da biyu na Saudiyya da aka fitar a 2016. Ɗan damfara yana fitar da tsakiyar da ƙarfi, ya juya ta, ya mayar. Amma hatimi na gaske zobe da tsakiya yake bugawa tare. In shi ne ya juya, zanen zobe da na tsakiya a kowace fuska za su dace da juna, fuskar gaba ɗaya ce za ta saɓa wa ta baya. In aka ga tsakiya ta saɓa wa zobenta a fuska ɗaya, hannun mutum ne.

Akwai kuma abin da ba jabu ba ne, ba kuma kuskure ba. Rubutun da ke gefen fam biyu na Birtaniya daban ake yin sa da bugun fuska da baya, saboda haka yana iya fitowa a tsaye ko a kife, rabi da rabi. Haka dalolin shugabannin Amurka da aka fara fitarwa a 2007. Duk da haka an yi ta tallar su a intanet da sunan rubutu ya kife, mutane suna saye. Kuskuren gaske a wannan jeri shi ne dalolin George Washington na 2007 da suka fita babu rubutun gefen sam.

Game da saye ta waya, hoto biyu, ɗaya na fuska ɗaya na baya, ba su tabbatar da komai, domin mai ɗauka na iya karkata tsabar yadda ya ga dama. Abin da ake nema shi ne hoton tsabar a gaban madubi, inda za a ga ɓangarorin biyu lokaci guda, ko bidiyon da aka juya ta cikin kwali ba tare da yankewa ba. Abin da ya gaza haka cinikin biri a sama ne.

Maganar farashi

Kuɗin da mai kaya ya sa wa kayansa daban, kuɗin da aka biya daban. A eBay kowa na iya rubuta dubban daloli a kan tsabar da ba ta kai dala ɗaya ba, kuma waɗannan lambobi ne masu bidiyo ke ɗauka su yaɗa. Mai hankali jerin abin da aka riga aka sayar yake dubawa. Daraja tana bin abu huɗu: girman karkatar, lafiyar tsabar, ƙarancin irinta, da yawan masu nemanta. Na ƙarshen nan ya fi sauran nauyi. Kuskure a tsabar Amurka ko Birtaniya yana da dubban masu so, kuskure iri ɗaya a tsabar ƙasar da ba ta da masu tarawa da yawa yana iya rasa mai tayawa.

Kamfanonin tantancewa irin su PCGS, wanda aka kafa a 1986, da NGC, na 1987, suna duba tsaba, su ba ta maki daga 1 zuwa 70, su rufe ta cikin roba da shaidarsu. Kuɗin aikinsu da na aikawa da dawowa yakan fi darajar yawancin tsaba masu karkata, don haka ba nan ne mafarin ɗalibi ba. Kuma duk wanda ya ce zai sayi tsaba da miliyoyi amma sai an fara tura masa kuɗin rajista ko na gwaji, ɓarawo ne. Kuɗin makaranta da jarin sana'a ba su da hurumi a wannan harka.

Abin da ke gida

Matashin Nijeriya yana da wata matsala da takwaransa na Nijar ko Gana ba shi da ita: hauhawar farashi ta kori tsaba daga kasuwa. Kwabo hamsin mai hoton masara, da naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay, da naira biyu mai hoton ginin majalisar tarayya, waɗanda Babban Banki ya fitar a 2007, da yawa daga cikin yaran yau ba su taɓa riƙe su ba. Amma tsaba ba ta ruɓewa. Tana nan cikin tsofaffin gwangwanaye da akwatunan kakanni, da wurin masu sayar da kayan tarihi, da jakunkunan alhazai da 'yan kasuwar da suka dawo da canjin wasu ƙasashe. A Damagaram da Yamai da zangon Kumasi kuwa, canjin yau da kullum ma ya isa a fara da shi.

Wanda ya juye irin wannan gwangwani, ko bai sami hatimin da ya juya ba, zai sami abin da ya fi shi. Zai ga kwabban da suka zo da naira a ranar 1 ga Janairun 1973: rabin kwabo mai auduga, kwabo ɗaya mai rijiyoyin mai, biyar mai koko, goma mai bishiyoyin kwakwar manja, ashirin da biyar mai gyaɗa da dalarta. Tattalin arzikin ƙasar ne na wancan lokaci aka zana a ƙarfe. In ya yi sa'a zai ga na 1959, farkon kuɗin da Babban Bankin Nijeriya ya fitar. In ya ƙara tonawa zai kai ga anini da ɗari da kwabo masu huji da tauraro mai tsini shida, da taro da sisi da sule. Aninin 1907 da sanholo aka yi shi, yana cikin tsabar sanholo ta farko da aka taɓa kashewa a duniya. Na 1936 kuma wasunsu suna ɗauke da sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya yi murabus kafin shekarar ta ƙare, kuma Ingila kanta ba ta kai ga sakin tsaba da sunansa a kasuwa ba. A jikin wasu akwai ƙaramin harafin H ko KN, alamar masana'antu biyu na Bamingham da suka buga su. A nan ma sai an tambayi masu kayan kafin a ɗauka, domin tsabar da ke cikin akwatin kaka tana da mai ita.

Ajiya

Babban laifin sabon shiga shi ne wanki. Toka, lemon tsami, omo, soson ƙarfe, man goge tagulla, duk suna kankare fatar tsaba, su bar ƙananan zane-zane da gilashi ke nunawa, kuma darajar da ta tafi ba ta dawowa. Tsohuwar tsaba da duhunta ake son ta. A riƙe ta ta gefe, kada yatsa ya hau fuskarta, domin gumi yana barin tabo. A guji leda mai laushi irin ta PVC, wadda zafi ke sa ta fitar da wani koren danƙo da ke cin ƙarfe. A ajiye a busasshen wuri, musamman da damina.

Doka ma tana da magana. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007, a sashe na 21, ta haramta lalata naira, takarda ko tsaba, da huda ta ko goge ta, ta kuma haramta cinikinta, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ko duka biyun. Wanda zai yi gwajin fitar da tsakiyar naira biyu don ya ga yadda ake yi, ya san da wannan.

Kayan aikin farawa ba su da yawa: gilashin da ke ƙara girma sau goma, ma'aunin kusurwa, kwalaye, ɗan sikeli in an samu, da littafi. A cikin littafin kowace tsaba tana da layinta: ƙasa, daraja, shekara, alamar gidan bugawa, nauyi, tsarin da ya kamata ta zo da shi, digirin da aka auna da ɓangaren da ta kauce, inda aka same ta, da abin da aka biya. Waɗanda suka fito daidai ma a rubuta su, domin da su za a san ko karkatar da aka gani ɗaya ce cikin goma ko ɗaya cikin dubu. Tsabar Amurka da ta Birtaniya an yi musu irin wannan ƙidaya shekara da shekaru, kundin bayanansu ya cika. Kwabban Nijeriya da tsabar sefa ba su sami kulawa irin wannan ba, kuma 'yan makaranta biyar da suka raba aiki, ɗaya ya ɗauki na 1973, ɗaya na 1991, ɗaya na 2007, biyu su bi sefa shekara-shekara, za su iya tara bayanin da dillalan waje za su zo suna tambaya.